Daga Kwanton Ɓauna zuwa Saran Gawo: Tarihin Hawan Bishiya a Ƙasar Kankiya da Kusada

A ƙarshen watan Janairu na 1851, Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya bar birnin Katsina ya nufi Kano, hanya ta bi da shi ta Kusada. Cikin abubuwan da suka ƙayatar da shi a wannan tafiya akwai gonaki masu faɗi, da manyan bishiyoyi tsaitsaye a cikinsu. Wanda ya bi titin Katsina zuwa Kano a yau, ya ratsa Kankiya, zai ga ragowar wannan tsari: ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo, kowace tana tsaye a tsakiyar gonar wani.

Manomi ne ya bar su da gangan ranar da ya sare daji, domin kowace tana da abin da take ba gida. Ɗorawa ta ba da kalwar daddawa, kuka ta ba da miya, gawo ya ciyar da dabbobi. Sai dai amfanin nasu duk a sama yake, kuma dole wani ya hau ya sauko da shi. Tarihin masu hawan nan, da yadda suke faɗowa, bai samu marubuta ba, alhali ya shafi gidaje da yawa.

Maharbi a kan reshe

Cikin waɗanda suka mayar da hawan bishiya wani sashe na sana'arsu, maharbi na sahun gaba. Matsayinsa a tarihin ƙasar Hausa tsoho ne. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya buɗe da zuriyar Dala da Barbushe, ya siffanta ƙarfinsu da kashe giwa. Garuruwa da ƙauyuka masu yawa suna danganta kafuwarsu ga wani maharbi da ya yada zango kusa da ruwa, mutane suka biyo bayansa. Sarautu irin su Sarkin Baka da Sarkin Dawa sun wanzu har yau.

Dabarun farauta iri-iri ne. Akwai farautar gayya da rani, da karnuka da gora da kiɗa. Akwai sanɗa, inda maharbi kan ɗaura kan burtu a goshi, ya durƙusa yana kwaikwayon tafiyar tsuntsun har ya kusanci nama. Akwai kuma kwanto, wanda ya bar mana kalmar da sojoji da 'yan jarida suke amfani da ita yanzu: kwanton ɓauna. Wasu na cewa maharbin ne ke yi wa ɓauna kwanto, wasu kuma na cewa ɓaunar da aka raunata ce takan kewayo ta laɓe ta jira wanda ya harbe ta. Ko wanne aka ɗauka, ya nuna dalilin da ya sa mai kwanto yakan nemi sama.

Hikimar a fili take. Da rani ruwa kan ƙafe sai 'yan tafkuna, dole gada da barewa da gwanki su zo sha. Dabba takan kula da abin da ke gabanta da abin da iska ta kawo wa hancinta, wanda ke kan reshe kuwa ya fi ta gani, warinsa ya fi wuyar isa gare ta, ƙahonta kuma ba ya kai masa. Maharban duniya sun gano wannan ba tare da sun haɗu ba: a Indiya suna ɗaura gado a kan bishiya su jira damisa, a dazuzzukan Jamus suna kafa hasumiyar katako.

Amma wanda ya tsere wa ƙaho ya shiga wani haɗarin. Zai zauna sa'o'i cikin duhu da sanyin asuba, ƙafa ta yi sanyi, gyangyaɗi ya zo. A jikinsa akwai kwari cike da kibau masu dafin kwankwani, waɗanda ƙwarzanensu kaɗai abin tsoro ne, daga baya kuma bindigar toka da aka ɗura. Saboda haka sanin itace ya zama wajibi a sana'ar. Tsamiya da marke da kanya suna da tauri. Rimi da kuka girmansu yaudara ne, domin itacensu ba shi da ƙwari. Reshen da gara ta ci ta ciki yakan yi kyau a ido. Irin wannan sani ba a rubuta shi ba, ɗa yakan ɗauke shi daga uba, yaro daga ubangidansa, cikin shekaru na bin sawu.

Yadda daji ya ƙare

Abubuwa da dama suka taru suka kawar da wannan duniya. Annobar shanu da ta ratsa Afirka a shekarun 1890 ta kashe ɓauna da wasu namun daji tare da garkunan Fulani. Bayan Turawa sun ci Katsina da Kano a 1903, tsoron yaƙi ya ragu, mutane suka fita daga ganuwa suka bazu cikin daji da noma. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, gona ta ci gaba da cin kurmi. Gwamnati ta kafa dokar kare namun daji a 1916, Jihar Arewa ta yi tata a 1963, aka keɓe Yankari a 1956, amma duk wannan bai dawo da abin da garma ta riga ta cinye a tsakiyar ƙasar Katsina ba. Farin 1972 zuwa 1974 da na farkon shekarun 1980 suka ƙarasa abin da ya rage.

Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Kankiya mutum kimanin 150,000, Kusada kusan 100,000. A ƙasa mai wannan cunkoso, abin da mafarauci zai samu bai wuce zomo da zabo da gafiya ba, kuma ba a hawa bishiya dominsu. Babban dajin da ya rage a yamma, wato Rugu, ya zama maɓoyar 'yan bindiga, maharba da yawa kuma sun koma aikin sintiri suna gadin garuruwansu. Maharbi ya sauko daga reshe, ilminsa na itace ya bi tsofaffi zuwa kushewa.

Waɗanda suka gaji hawan

Hawa kuwa bai ragu ba. Raguwar makiyaya ma ƙara shi ta yi. Gawo bishiya ce mai saɓa wa sauran: takan zubar da ganye da damina, ta yi kore shar da rani, lokacin da ciyawa ta ƙare. Don haka daga tsakiyar rani har faɗuwar ruwa za ka ga matashi a ƙololuwar gawo da gatari ko adda, yana sara wa tumaki da shanu, ƙaya na kama masa riga, wani lokaci yana tsaye a kan reshen da ke girgiza da kowane sara. Masu ɗiban ganyen kuka sukan kafa turaku a jikinta su taka, turken bara kuwa ba lallai ya ɗauki nauyin bana ba. Lokacin ɗorawa da mangwaro yara ne ke cika rassa. Mai zuma yakan hau da dare ya sauke amya, wuta a hannu ɗaya, ƙudan zuma na harbinsa.

Bambancin waɗannan da maharbin da yana da girma. Shi ya zaɓi bishiyarsa, su kuwa bishiyar da ke gonar ce dole. Shi ya koya a hannun wani, su yawanci sun koya ne da kallon tsararsu. Kuma babu wani sarkin sana'a da ke da alhakin tsawata musu.

Wanda ya faɗo daga tsayin mita 6 yana isa ƙasa cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai, da gudun kusan kilomita 40 a awa. Kamar mai babur ne ya daki bango. Idan ƙafa ko hannu ne suka karye, akwai masu ɗori, kuma sun daɗe suna aikinsu. Idan ƙashin baya ko wuya ne, lamarin ya wuce ɗori, domin lakar da ke ciki in ta tsinke ba ta haɗuwa. Magidanci ɗan shekara talatin yakan koma kwance, gona ta rasa mai noma, ƙanne su bar makaranta. A ƙauye akan ce tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa, ko a ce mutanen ɓoye na tsamiyar ne suka ture shi. Daga nan zance ya ƙare, babu wanda zai koma ya duba reshen.

Ƙasar da barewa ta dawo

Amurka ta bi hanyar da ta saɓa wa tamu. A wajejen 1900 barewarsu mai farar wutsiya ta kusa ƙarewa, saura 'yan dubu ɗaruruwa. Dokokin farauta, da dokar Pittman-Robertson ta 1937 wadda ta karkatar da harajin bindigogi da harsasai zuwa farfaɗo da namun daji, suka sa ta dawo har ta kai kimanin miliyan 30. Da nama ya yawaita, kamfanoni suka fara ƙera kujerun ƙarfe da ake maƙalawa a jikin bishiya, mita 4 zuwa 6 daga ƙasa, miliyoyin mafarauta suka koma sama.

Sai likitocin sashen haɗurra suka lura da wani abu. A jihohi da dama, waɗanda ake kawowa lokacin farautar barewa da munanan raunuka, faɗowa ce ta fi kawo su, harbin kuskure na biye. Da aka bi diddigi, aka ga yawancin faɗuwar na aukuwa ne wajen hawa, ko sauka, ko lokacin da mutum ke ƙetarawa daga tsani zuwa kujera, kuma mafi yawan waɗanda suka faɗo ba su ɗaure jikinsu da bishiyar ba. Ƙungiyar masu ƙera kujerun ta fitar da ƙa'idoji, kuma tun 2004 mambobinta suke haɗa kowace kujera da ɗamarar da ke riƙe kafaɗu da ƙirji da cinyoyi. Bel ɗin ƙugu kaɗai an daina yarda da shi, domin wanda ya faɗo ya rataye da shi yakan matse masa ciki ko ya juya shi kai ƙasa. Hukumar kare lafiyar ma'aikata ta ƙasar, OSHA, ta hana dogaro da shi wajen tare faɗuwa a wuraren gini tun 1998.

Ƙa'idojin da suke koyarwa kaɗan ne. Mutum ya kasance ɗaure da bishiya tun daga barin ƙasa har dawowa. Gaɓoɓi uku cikin huɗu su kasance riƙe da wani abu a kowane lokaci. Kada a hau da makami a hannu, a jawo shi da igiya bayan an zauna, babu harsashi a ciki. A duba bishiya da kayan hawa da rana. A gaya wa wani inda za a je da lokacin dawowa. Tsohon maharbin Katsina da zai ji waɗannan, da yawansu ba za su zame masa baƙi ba. Abin da Amurkawa suka ƙara shi ne ƙidaya: sun rubuta kowace faɗuwa har suka gane inda take faruwa.

Abin da ya rage gare mu

Ba sai an jira kayan ƙasar waje ba. Ɗamarar nan tana jikin masu gyaran wutar lantarki da masu hawa turakun sadarwa da muke wucewa kullum. Ga mai saran gawo, igiya mai ƙwari da aka zagaya da ita jikin bishiyar sama da kai, aka taƙaita ta yadda ko santsi ya ɗebe shi ba zai yi nisa ba, ta fi hannu wofi nesa ba kusa ba. Gatari a jawo shi da igiya. Abin da doguwar gora mai ƙugiya za ta iya tsinkowa daga ƙasa, babu dalilin tura yaro sama dominsa. Bayan ruwan sama, ko cikin iskar hunturu mai ƙarfi, ko da magariba, a haƙura. Ba a fafe gora ranar tafiya, haka ma ba a gwada reshe da nauyin jiki duka.

Na biyu shi ne abin da ake yi bayan faɗuwa, inda ƙauna takan yi ɓarna. Jama'a kan ruga su ɗaga mutum, su zaunar da shi, su jijjiga shi, su ɗora shi a babur tsakanin mutum biyu. Ƙashin baya da ya tsage amma bai taɓa laka ba, a wannan ɗaukar yake ƙarasa ta. Wanda ya faɗo daga sama yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, a bar shi kwance, mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa, a mirgina shi gaba ɗaya kan ƙyaure ko faffaɗan katako, a kai shi asibiti a mota. Babban asibitin Kankiya na kusa, daga can kuma akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Na uku aikin masu ilmi ne. A Kankiya akwai makarantar koyon aikin lafiya da ke yaye ma'aikatan da ke zaune a ƙananan asibitocin ƙauyuka. Da kowane ɗayansu zai riƙa rubuta abu huɗu a kan duk wanda aka kawo ya faɗo, wato shekarunsa, irin bishiyar, abin da ya hau yi, da watan da abin ya faru, cikin shekara biyu za a san inda ya kamata a fara wa'azi da inda ya kamata a kai igiya. Sarakunan baka da na dawa da suka rage, da ardo-ardo da masu unguwanni, su ne za a ji maganarsu idan suka ce kada yaro ya hau kuka shi kaɗai.

Imani da ƙaddara bai hana wannan ba. Sananne ne cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali. Bishiyoyin da Barth ya gani suna nan suna ciyar da jikokin waɗanda suka bar su, kuma da rani mai zuwa za a sake hawansu. Kafin lokacin, mai karatu da ke da gona ko dabbobi a gida zai iya tambayar wanda ke yi masa saran gawo ko yana da igiya, in ba shi da ita ya saya masa.