Tarihin Aikin Kula da Uwar Garken Imel a Kamfanoni

Uwar garken imel ita ce kwamfutar da ke karɓar saƙonnin ma'aikatan kamfani, ta zuba wa kowa nasa a akwatinsa, ta kuma tura masu fita waje. Aikin kula da ita ya girmi intanet ɗin da jama'a suka sani a yau. Tun a 1965 masu amfani da babbar kwamfutar cibiyar fasaha ta MIT a Amurka suke bar wa juna saƙo, sai dai saƙon ba ya fita daga na'ura ɗaya. A 1971 Ray Tomlinson, injiniya a kamfanin BBN, ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata ta layin ARPANET, kuma shi ya zaɓi alamar @ don raba sunan mutum da na na'urarsa.

A shekarun farko, babbar wahalar mai kula ita ce saƙo ya isa inda aka aike shi. Hanyoyin sadarwa suna da yawa, kowace da irin adireshinta. Eric Allman na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya rubuta manhajar delivermail a 1979, daga baya ya faɗaɗa ta ta zama Sendmail, wadda ta daɗe tana ɗauke da kaso mafi tsoka na saƙonnin intanet. Saita ta aiki ne mai wuyar gaske, har gwanaye kan yi taka-tsantsan kafin su taɓa fayil ɗin saitinta. A 1982 Jon Postel ya fitar da ƙa'idar SMTP, wadda har gobe da ita uwayen garke ke miƙa wa juna saƙo. A shekarar ce kuma aka wajabta wa kowane wuri ya buɗe adireshi mai suna postmaster, inda za a kai kuka idan wani abu ya lalace.

An gina wannan tsari ne a kan amana. SMTP ba ta bincikar ko mai aika saƙo shi ne wanda ya ce shi ne, kuma uwar garke takan karɓi saƙon baƙo ta isar masa ba tare da tambaya ba. A wancan lokaci ana ɗaukar hakan a matsayin zumunci, domin jami'o'i da cibiyoyin bincike ne kusan kaɗai a kan layin, kuma an san juna. Alamun matsala ba su jima ba suka bayyana. Tun a 1978, kafin ma a fitar da SMTP, Gary Thuerk na kamfanin DEC ya tura talla ga mutane kusan 400 a lokaci guda, aka yi masa ca. A Nuwamban 1988 wata manhaja mai yaɗa kanta, wadda ɗalibi Robert Morris ya saki, ta bi ta wata kafa a Sendmail da wasu kafofin ta durƙusar da dubban kwamfutoci.

Kamfanoni sun shigo da nasu kayan aikin: Lotus Notes a 1989, sai Microsoft Exchange a 1996. Daga nan ne kula da imel ya zama gurbin aiki mai albashi. Mai kula shi ke buɗe wa sabon ma'aikaci akwati, ya rufe na wanda ya bar aiki, ya ƙayyade wa kowa girman ma'ajiyarsa, ya kwafi bayanai a kaset cikin dare, ya duba saƙonnin da suka maƙale a layi. Ba a cika tunawa da shi ba sai ranar da imel ya tsaya.

Ƙarshen shekarun 1990 ne ya juya aikin gaba ɗaya. Masu tura saƙonnin banza, daga 'yan talla zuwa 'yan damfarar 419, suka gano cewa duk uwar garken da ke buɗe za ta yi musu dako kyauta. A 1997 Paul Vixie ya fara wallafa jerin adiresoshin na'urorin da ake ƙin karɓar saƙonsu, ƙungiyar Spamhaus ta biyo baya a 1998. Abin da a da zumunci ne ya koma sakaci, kuma kamfanin da ya faɗa cikin irin wannan jeri sai ya wayi gari abokan cinikinsa ba sa samun wasiƙunsa. Cutar kwamfuta ta Melissa a 1999 da ta ILOVEYOU a 2000 sun sa manyan kamfanoni kashe uwayen garkensu da hannunsu. Mai kula, wanda aka ɗauka don isar da saƙo, ya zama mai gadin ƙofa, yawancin lokacinsa na tafiya wajen tantance abin da za a hana shiga.

Shari'a ma ta shigo. Bayan rushewar kamfanin Enron a 2001, hukumomin Amurka sun fitar da saƙonnin ma'aikatansa kusan rabin miliyan a bainar jama'a, kamfanoni suka fahimci cewa akwatin imel hujja ce a gaban kotu. Adana saƙo na shekaru ya shiga cikin aikin. An kuma yi wa SMTP faci da tsare-tsaren tabbatar da mai aikawa, wato SPF da DKIM, sai DMARC a 2012.

Nauyin ya yi wa ƙananan kamfanoni yawa. Google ta fara samar wa kamfanoni hidimar imel daga 2006, Microsoft ta ƙaddamar da Office 365 a 2011, da yawa suka kwashe na'urorinsu daga ofis suka koma haya. Kutsen da aka yi wa uwayen garken Exchange a farkon 2021, wanda ya shafi dubun-dubatar ƙungiyoyi, ya ƙara ingiza masu jan ƙafa. Tsarin da aka gina domin kowa ya riƙe tasa uwar garke ya tattaru a hannun kamfanoni ƙalilan, kuma su ke gindaya sharuɗɗa yanzu. Tun daga Fabrairun 2024, Google da Yahoo sun wajabta wa masu tura saƙo da yawa su tabbatar da kansu ta SPF da DKIM da DMARC kafin a karɓi wasiƙunsu.