Yadda Ake Ɗaukar Hoton Ƙananan Jijiyoyin Jini na Ƙwaƙwalwa

Ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa su ne ke kai jini zuwa can cikinta. Faɗin waɗanda ke ratsa tsakiyarta bai kai milimita ɗaya ba, mafi ƙanƙanta kuwa sun fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Idan hawan jini ko ciwon sukari ya daɗe a jiki, bangon jijiyoyin kan yi kauri, su toshe ko su fashe. Daga nan ake samun shanyewar ɓarin jiki, ko mantuwar da ke ƙaruwa sannu a hankali.

Abin da na'urorin asibiti ke gani

Na'urar CT tana nuna zubar jini a ƙwaƙwalwa cikin hanzari. Na'urar MRI, wadda ke aiki da maganaɗisu, ta fi fito da hoto dalla-dalla, kuma yawancin na asibitoci ƙarfinsu Tesla 1.5 ne ko 3. Sai dai galibi ɓarnar suke nunawa, wato tabo ko ɗigon tsohon jini, ba ƙananan jijiyoyin ba.

Sababbin hanyoyi

A shekarar 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a fara duba marasa lafiya da MRI mai ƙarfin Tesla 7. Wannan na'ura tana iya nuna jijiyoyin da ke ratsa tsakiyar ƙwaƙwalwa, sannan kwamfuta ta haɗa hotunan su zama siffa mai tsawo da faɗi da zurfi, wadda likita zai juya ta kowane ɓangare.

Hanya ta biyu da sauti take aiki, irin na hoton ciki da ake yi wa masu juna biyu. Ana zuba ƙananan kumfa a cikin jini, na'ura ta riƙa bin sawunsu ɗaya bayan ɗaya har taswirar jijiyoyin ta fito. Masu bincike a birnin Paris na Faransa sun nuna hakan a ƙwaƙwalwar ɓera a 2015, aka kuma gwada a kan mutane a 2021. Har yanzu hanyar tana matakin bincike.

Muhimmancinsa ga Najeriya

Binciken SIREN, wanda aka gudanar a Najeriya da Ghana, ciki har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ya gano cewa hawan jini ne kan gaba wajen haddasa shanyewar ɓarin jiki. Ya kuma nuna cewa a cikin waɗanda toshewar jijiya ta jawo wa cutar, toshewar ƙananan jijiyoyi ce ta fi yawa. Ke nan abin da sababbin na'urorin ke nema shi ne ya fi addabar mutanen yankin.

Na'urorin suna da tsada ƙwarai, suna kuma buƙatar wutar lantarki mai ɗorewa da ƙwararrun ma'aikata. Saboda haka, ga mazaunin gari kamar Kontagora a Jihar Neja, kariyar da ke kusa ita ce auna jini a kai a kai, rage gishiri, da shan magani yadda likita ya tsara. Duk wanda bakinsa ya karkace, hannu ko ƙafa suka saki, ko harshensa ya sarƙe farat ɗaya, a garzaya da shi asibiti nan take.