Hatimin Wa Ke Kan Kayan? Tarihin Makullan Debian

A watan Nuwamban 2003, masu kutse suka shiga manyan kwamfutoci huɗu na Debian, ɗaya daga cikin tsofaffin tsare-tsaren Linux. Bincike ya nuna ba a taɓa babban rumbun manhajoji ba, amma lamarin ya fito da wata ɓaraka fili. APT, manhajar da ke sauko da sauran manhajoji, ba ta duba sa hannun kowa a lokacin. Da an musanya kaya a rumbu ko a hanya, da ta karɓa ba tambaya, alhali kuwa kowace manhaja da cikakken iko a kan kwamfuta ake girka ta.

Maganin ya daɗe da samuwa. Phil Zimmermann ya fitar da PGP a 1991, Werner Koch kuma ya biyo da GnuPG a 1997. Makulli biyu ne tagwaye: na sirri, wanda mai rumbu ke buga hatimi da shi, da na fili, wanda kowa ke riƙewa don tantance hatimin. Debian 4.0 ta 2007 ce fitowa ta farko da APT ta zo da wannan bincike. Fayil ɗaya ake sa wa hannu, mai suna Release. Shi ke ɗauke da lambobin shaidar jerin manhajoji, jerin kuma na ɗauke da na kowace manhaja. In aka sauya harafi guda, sarƙar ta tsinke.

Sai dai an bar baya da ƙura. Mai son manhajar wani kamfani yakan shigar da makullinsa da umarnin apt-key, ya faɗa jaka ɗaya da makullan Debian. Daga nan APT kan amince da shi a kan kowane rumbu, har da na Debian kanta. Wato hatimin ɗan tireda ya yi daidai da na sarki. Satar makulli kuwa ba tatsuniya ba ce: a Agustan 2008 Fedora ta sauya nata bayan kutse, Red Hat kuma ta sanar cewa mai kutse ya sa hannu a kan wasu manhajojin OpenSSH.

A 2015 APT 1.1 ta kawo zaɓin Signed-By, wanda ke ɗaure rumbu da makullin da aka ambata masa kaɗai. Sauyin ya ɗauki shekara goma, domin littattafan koyarwa da umarnan kamfanoni sun saba da tsohuwar hanya. Debian 11 ta 2021 ta riƙa yi wa masu amfani da apt-key gargaɗi, Debian 13 ta 2025 kuma ta zo babu shi.

Duk da haka, tsohon makullin da aka bari a babbar jaka yana nan da ikonsa. Mai kula da kwamfutocin banki ko asibiti sai ya buɗe ta, ya tambayi kowane makulli: wa ya kawo ka, kuma wace ƙofa aka ba ka?