Asalin Kanta, Sarkin Kabi na Farko

Duk wanda ya sauka Argungu zai ji sunan Kanta a bakin babba da yaro, har gidan tarihin garin ma sunansa aka sa masa. Amma ka sani, ya mai karatu, Kanta bai yi sarauta a Argungu ba. Sai bayansa da shekara wajen ɗari uku jikokinsa suka kawo sarautar Kabi nan.

Sunansa Muhammadu, laƙabinsa Kotal. Masu ba da labari sun ce ubansa mutumin Kuyambana ne, shi kuwa ya tashi cikin Fulani yana kiwon shanu. An ce tun yana saurayi ba a taɓa kai bayansa ƙasa a kokawa ba, a dambe kuwa sai dai a ba shi fili. Samari suka yi ta taruwa gare shi har ya zama mai jama'a.

A zamanin nan Askiya Muhammadu na Songai shi ne babban sarkin yamma. Kanta ya bi shi yaƙi, suka ci Agadas. Da aka zo rabon ganima sai aka hana Kanta da mutanensa nasu kason. To, wanda ya ga jinin mutanensa ya zuba, yaya zai koma gida hannu rabbana? Wajen shekarar 1516 ya ce ya bar bin Askiya ke nan. Aka aiko runduna ta kamo shi, ta koma ba ta yi nasara ba. Asalin daular Kabi ke nan.

Ya kafa Gungu da Leka, ya mai da Surame babban birninsa, ya kewaye shi da ganuwar dutse da ƙasa. Ganuwar nan abin mamaki ce, amma da gumin waɗanda ya ci da yaƙi aka ɗaga ta, don an ce har Abzinawa ya tilasta wa kawo ruwan gini a kan raƙuma. An kuma ce idan damina ta cika fadama, cikin kwalekwalen da aka lulluɓe da tagulla yake zaga ƙasarsa.

Ƙarshensa a hanya ya same shi. Ya gwabza da Barebari wajen Nguru ya yi galaba, yana komowa aka harbe shi da kibiya a Dugul, ƙasar Katsina, ya cika a Jirwa wajen 1556. An ce kabari goma sha biyu aka haƙa don kada maƙiya su gane inda yake kwance.

Wajen 1700 Sarki Tomo ya bar Surame ya gina Birnin Kabi. A 1805 Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci birnin, daga baya Sarkin Kabi Sama'ila Karari ya zauna Argungu. Surame kuwa ta zama kufai, amma ragowar ganuwarta na nan har yau a ƙasar Binji ta Jihar Sakkwato.