Kalkuleta mai zane: yadda ƴan makaranta suka mai da na'urar lissafi wurin rubuta manhaja

Kalkuleta mai zane wata na'urar lissafi ce ta hannu wadda allonta ya fi na kalkuletar ƴan kasuwa faɗi. Idan aka rubuta mata lissafi irin y = x², sai ta zana shi a matsayin layi mai lanƙwasa. An ƙera ta ne domin ɗaliban lise da na jami'a. Amma a cikinta kwamfuta ce cikakkiya, ƙarama dai: tana da ƙwaƙwalwar da ke aiwatar da umarni, da ma'adana, da maɓallai, da kafar da ake jona waya. Tun shekarun 1990 aka samu wasu mutane, akasarinsu ƴan makaranta a Amurka da Faransa, da suka duƙufa wajen rubuta mata manhajoji don sha'awa, ba don kuɗi ba. Sun yi wasanni, da kayan aikin lissafi, da sabbin harsunan kwamfuta, har ma da babbar manhajar da za ta iya maye gurbin ta kamfani. Galibin tarihinsu ja-in-ja ne da kamfanoni a kan abu guda: na'urar da ɗalibi ya saya da kuɗinsa, wadda kuma ake shiga ɗakin jarrabawa da ita, wa ke da ikon faɗin abin da zai gudana a cikinta?

Asalin na'urar

Kamfanin Casio na Japan ne ya fara fitar da irin wannan kalkuleta a 1985, mai suna fx-7000G. Gurbin da ta tanada domin manhaja bayit 422 ne kacal, wato bai kai ya ɗauki wannan sakin layi da wanda ya gabace shi ba. Kamfanin HP ya biyo baya a 1987, sannan Texas Instruments na Amurka, wanda aka fi sani da TI, ya fito da TI-81 a 1990. Daga nan TI ya riƙa jero su: TI-85 a 1992, TI-83 a 1996, TI-83 Plus a 1999, TI-84 Plus a 2004. Dukkansu ƙwaƙwalwa iri ɗaya ke tafiyar da su, wato Z80 ta kamfanin Zilog, wadda aka ƙirƙira tun 1976.

TI-83 Plus, wadda ta fi kowace tara masu rubuta manhaja a zamaninta, tana gudu ne a kan megahaz 6, kuma ma'adanar aikin da ta bar wa mai ita kusan kilobayit 24 ce. Allonta baƙi da fari ne, ɗigo 96 a kwance, 64 a tsaye. Hoto guda da aka ɗauka da wayar salula ta yau ya fi wannan ma'adana girma nesa ba kusa ba.

Matakin farko

Kusan kowace daga cikin waɗannan na'urori tana zuwa da wani sauƙaƙan harshe na dangin BASIC, wanda ake rubutawa da maɓallanta kai tsaye, ba tare da kwamfuta ba. Ga misalin da kusan duk ɗalibi ke farawa da shi a kan TI, na neman delta a lissafin ax² + bx + c = 0:

Prompt A,B,C
B²−4AC→D
Disp D

Layin farko yana tambayar lambobi uku, na biyu ya yi lissafin ya ajiye amsa a D, na uku ya nuna ta a allo. Iyakarta ke nan. Daga nan yaro zai so na'urar ta gaya masa ko lissafin yana da amsa biyu, ko ɗaya, ko babu, sai ya koyi umarnin sharaɗi. Gobe ya so ta maimaita aiki sau ɗari, sai ya koyi umarnin maimaici. A ganina na malami, mai rubuta wannan ƴar manhaja da kansa ya fi mai haddace ƙa'idar fahimtar darasin, domin na'ura ba ta yi wa kowa kara: in ya manta yanayin da delta ta gaza sifili, nan take za ta tsaya ta nuna masa kuskure. Wanda ya kwafa daga abokinsa kuwa bai ƙaru da komai ba, kuma su ne suka fi yawa a kowane aji.

Aibin BASIC shi ne nawa. Na'urar tana karanta umarni ɗaya bayan ɗaya, tana fassara kowane a lokacin da ta iso shi. Lissafi ba ya damuwa da haka, amma wasan da ake son abubuwa su yi ta motsi a allo sai ya riƙa jan ƙafa.

Ƙofar da kamfani bai buɗe ba

Maganin nawar shi ne a yi wa ƙwaƙwalwar magana da harshenta na asali, wanda ake kira asambili, inda babu tafinta a tsakani. TI bai tanadi hanyar yin haka ba a na'urorinsa na farko. Sai dai TI-85 ta zo da kafar jona waya, wadda ake kwashe duk abin da ke cikin ma'adanarta zuwa kwamfuta domin adanawa, a mayar daga baya. A tsakiyar shekarun 1990 wasu matasa suka lura cewa idan aka sauya wasu lambobi a cikin wannan kwafin kafin a mayar da shi, za a iya sa wani zaɓi na jerin umarnin na'urar ya yi tsalle zuwa inda mutum ya ɓoye nasa umarnin. Da wannan dabara Dan Eble da Magnus Hagander suka gina ZShell, manhajar da ta zama mashigar sauran manhajojin asambili a TI-85. David Ellsworth ya yi wa TI-92 makamanciyarta, mai suna Fargo.

A wannan karon kamfanin bai yi faɗa ba. Da ya fitar da TI-83 sai ya bar hanyar asambili a buɗe, kuma TI-83 Plus ta zo da umarninsa a fili. Shekarun da suka biyo baya su ne kakar abin. Aka samu mashigai irin su Ion da MirageOS da Doors CS, da wasanni irin su Phoenix da Block Dude, waɗanda suka riƙa yawo daga kalkuleta zuwa kalkuleta ta ƴar waya a bayan aji.

Ƙuncin na'urar shi ya haifi gwanintar. Allon nan mai ɗigo 6,144 yana cin bayit 768 na ma'adana, kuma kowane ɗigo ko dai a kunne yake ko a kashe. To yaya za a sami ruwan toka? Sai a riƙa sauya hotuna biyu da sauri ƙwarai, ɗigon da ke kunne a ɗaya kuma a kashe a ɗayan sai ido ya gan shi tsaka-tsaki. Na'urar ba ta da lasifika, amma an gano cewa in aka riƙa kunna da kashe wutar kafar jona waya a kan wani ƙidaye, abin sauraron kunne da aka jona zai fitar da sauti. Ana kwana ana neman yadda za a rage bayit biyu ko uku daga wani yanki na manhaja. Kuskure kuma yana da tsada: umarni guda da ya kauce zai iya daskarar da na'urar, sai an cire batir, in ta farfaɗo a tarar ma'adanar aiki ta goge, har da aikin da aka kwana ana yi.

Daga baya aka sami hanyoyin tsakiya. Axe, harshen da Kevin Horowitz ya fitar a 2010, ana rubuta shi a kan kalkuletar kamar BASIC, amma ana juya shi zuwa harshen inji, sai ya yi gudu. TI-84 Plus CE ta 2015, wadda a Faransa ake sayar da ƴar'uwarta da sunan TI-83 Premium CE, ta zo da allo mai launi na ɗigo 320 da 240, kuma masu sha'awa suka haɗa mata kayan rubutu da harshen C.

Rikicin makulli na 2009

Abu guda ya rage a kulle, wato babbar manhajar na'urar. TI-83 Plus ba ta karɓar sabuwa sai mai ɗauke da sa hannun kamfani na lissafi, bisa tsarin RSA. Sirrin tsarin wata ƙatuwar lamba ce da aka samu ta hanyar ninka wasu lambobi biyu waɗanda ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu. Kowa na iya ganin ƙatuwar lambar, amma sai wanda ya san biyun da suka haife ta ne zai iya sa hannu. Ta TI mai bit 512 ce, tsawonta ya haura lambobi 150 a jere. A 1999 warware irinta aikin manyan cibiyoyin bincike ne. A watan Yulin 2009, Benjamin Moody ya sanar cewa ya warware ta da kwamfutarsa ta gida a cikin kwana 73. Ba a daɗe ba wasu suka haɗa ƙarfin kwamfutocinsu ta intanet suka warware na sauran na'urorin.

TI ya aika wa waɗanda suka wallafa makullan takardun gargaɗi, yana kafa hujja da dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1998, DMCA. Ƙungiyar kare haƙƙin masu amfani da fasaha ta EFF ta tsaya wa uku daga cikinsu a watan Oktoban wannan shekara. Hujjarta ita ce makullan ba sa taimaka wa kowa satar manhajar TI, wadda dama kyauta ake sauke ta. Abin da suke yi shi ne ba mai na'ura damar ɗora tasa. Maganar ba ta kai gaban alƙali ba. Amma kamfanin ya ɗauki darasi, na'urorin da ya fitar daga baya makullansu sun fi tsawo sosai. TI-Nspire ta 2007 kuwa tun farko a rufe ta zo, sai a 2010 wasu Faransawa biyu suka buɗe ta da manhajar Ndless. Daga nan aka shiga wasan ɓuya: kamfani ya toshe kafa a sabon zubi, su kuma su nemo wata.

Faransa: fitilar jarrabawa da Python

A Faransa dokar 1999 ta halatta shiga jarrabawa da kalkuleta mai ɗaukar manhaja, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa ɗalibai suna cika ta da darasi. A 2015 ma'aikatar ilimi ta fitar da sabuwar ƙa'ida: dole irin wannan na'ura ta kasance da abin da ake kira mode examen, yanayin da ke rufe ko goge abin da ɗalibi ya ajiye, tare da ƴar fitila a gaba mai ƙyaftawa domin mai sa ido ya gani daga nesa. An shirya fara aiki da ita a 2018, aka ɗage, sai a 2020 ta kankama.

A daidai wannan lokaci harshen Python ya shiga manhajar karatun lise. Sabon kamfanin Faransa, NumWorks, wanda Romain Goyet ya kafa, ya fito da kalkuletarsa a 2017, ya sa mata Python, ya kuma baje rubutun babbar manhajarta a fili domin kowa ya karanta. Casio ya bi sahu da Graph 90+E da Graph 35+E II. TI kuwa, da yake tsohuwar ƙwaƙwalwarsa ba za ta ɗauki nauyin ba, sai ya ƙara wata ƙarama ta biyu a cikin TI-83 Premium CE a 2019, aikinta Python kawai. Masu sha'awa a ɓangaren Faransanci sun yi abubuwa masu nauyi a wannan zango. Akwai gint, harsashin da ake gina manhajojin C a kansa a na'urorin Casio. Akwai Omega, wani reshe na babbar manhajar NumWorks da aka ƙara wa abubuwa. Akwai kuma KhiCAS, wanda Bernard Parisse, malamin lissafi a jami'ar Grenoble, ya yi domin kalkuleta mai araha ta iya lissafin haruffa, aikin da a da sai masu tsada.

Nan ne buƙatu biyu suka yi karo. Manhajar da za ta iya taɓa kowane lungu na na'ura za ta iya kunna fitilar jarrabawa alhali darasi yana nan a buɗe. A watan Mayun 2020 TI ya cire damar gudanar da asambili da C daga TI-83 Premium CE a zubi na 5.5, daga baya ya yi wa TI-84 Plus CE haka, yana mai cewa amincin jarrabawa yake karewa. Manhajojin da aka tara cikin shekaru biyar suka daina aiki ga duk wanda ya sabunta. Damuwar kamfanin ba ƙarya ba ce, sai dai Python da aka bari a madadin bai kusa da su a gudu ba, kuma waɗanda matakin ya fi shafa ba masu satar amsa ba ne. Kafin ƙarshen wannan shekara aka fitar da arTIfiCE, wadda ta bi ta wata ɓaraka a manhajar zanen siffofi ta Cabri Jr ta sake buɗe ƙofar. NumWorks ma, duk da buɗaɗɗen farawarsa, ya taƙaita ɗora babbar manhajar waje a zubi na 16 a 2021.

Ga mai karatu a yankinmu

Tsada ce babban shinge. NumWorks ta fito a kan kusan yuro 80, wato sama da jikka 52 na sefa, kuɗin da za a sayi wayar salula da shi. A Najeriya kuma jarrabawar WAEC kalkuletar da ba ta ɗaukar manhaja kawai ta yarda da ita, saboda haka irin wannan na'ura ba ta da kasuwa a makarantun sakandare na can. Ɗalibin da zai zauna jarrabawa bisa tsarin Faransa, ko a gida ko a waje, ya kamata ya duba kafin ya sayi ta hannu: tsofaffin samfura irin su TI-83 Plus ba su da fitilar nan, ba za a bar shi ya shiga da su ba, ko da yake don koyon BASIC da asambili ba su da laifi ko kaɗan, sun ma fi sababbin sakewa. A wajen Casio, harafin E a ƙarshen suna, kamar a Graph 35+E, shi ke nuna tana da yanayin jarrabawa. Wanda kuma ba shi da ko ɗaya zai iya sauke kwaikwayon NumWorks a wayarsa kyauta, maɓallai da allo da Python duk iri ɗaya da na ainihin na'urar, ya gwada rubuta lissafin deltar nan na layi uku a cikinsa.