Hujja Kafin Fasahar Baki: Nazari kan Dabarun Lauya a Shari'ar Haɗarin Tirela a Amurka

Gabatarwa

Daga 2021 zuwa 2023, babu shekarar da mutum fiye da 5,000 ba su rasu ba a haɗurran da suka shafi manyan motocin dakon kaya a Amurka, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na mamatan suna cikin wasu motocin ne, ba cikin tirelar ba. Dalilin a fili yake. Doka ta yarda tirela da kayanta su kai nauyin fam 80,000, wato kimanin tan 36, alhali yawancin ƙananan motoci ba su wuce tan 2 ba. Idan aka yi karo, an san wanda zai kwana a ciki.

Saboda haka ne neman diyyar haɗarin tirela ya zama fanni mai zaman kansa a aikin lauya a can. Wannan nazari zai duba yadda lauyan mai ƙara yake tsara shari'arsa da yadda yake gabatar da ita a zauren kotu. Matsayin da zan kare shi ne: iya magana a gaban kotu tana da amfani ne gwargwadon ƙarfin hujjar da ke ɗaure sakaci da ɓarnar da ya haifar. Lauyan da ya motsa zukata amma ya bar wannan ɗauri a sake, nasararsa ba ta ƙarko.

Dokar da ta bambanta wannan shari'a

Direban ƙaramar mota dokar hanya kawai ta hau kansa. Direban tirela da kamfaninsa kuwa suna ƙarƙashin kundin ƙa'idojin tarayya da hukumar FMCSA, wadda aka kafa a shekarar 2000, take kula da shi. Kundin ya ce direba ba zai wuce awa 11 yana tuƙi ba, a cikin awa 14 na aiki, kuma sai ya huta awa 10 a jere kafin ya sake kama sitiyari. Bayan awa 8 na tuƙi dole ya tsaya na minti 30. A kwana 8 ba zai wuce awa 70 na aiki ba. Tun Disambar 2017 aka wajabta wa yawancin manyan motoci na'urar da ke rubuta awannin tuƙi da kanta, aka rage dogaro da littafin da direba yake cikewa da biro. Tun 2012 kuma aka haramta musu riƙe waya a hannu suna tuƙi.

Amfanin wannan ga lauya shi ne, ba sai ya ƙirƙiro mizanin da zai auna sakaci da shi ba. Mizanin yana rubuce, kuma kamfanin ya amince zai bi shi tun ranar da ya nemi izinin aiki. Littafin da Rick Friedman da Patrick Malone suka fitar a 2006 ya yaɗa dabarar da ta dogara da wannan: a zaɓi ƙa'idoji kaɗan, gajeru, waɗanda babu shaidan da zai musanta su ba tare da ya kunyata kansa ba, a gina shari'ar a kansu.

Sai dai bin ƙa'ida a takarda ba ya wanke kowa. A watan Yunin 2014 wata tirelar Walmart ta afka wa motar ɗan wasan barkwanci Tracy Morgan a babbar hanyar New Jersey, abokin aikinsa ya rasu. Direban bai cika awa 14 na aikinsa ba tukuna. Amma binciken NTSB, hukumar binciken haɗurran sufuri, ya gano ya shafe fiye da awa 28 bai runtsa ba, domin ya tuƙo motarsa ta kansa daga Jojiya zuwa Delaware kafin ya fara aiki. Lauyan da ya tsaya a kan na'urar awanni kaɗai, da bai taɓa ganin wannan gajiya ba.

Kwanakin farko

Mafi yawan waɗannan shari'u tun kafin a shiga kotu ake cin su ko a faɗi. Manyan kamfanoni da masu inshorarsu sukan tura lauya da injiniya wurin haɗari cikin 'yan awanni, lokacin da iyalan wanda abin ya shafa suna asibiti. Hujjar kuwa ba ta jira. Gwajin barasa bayan mummunan haɗari awa 8 doka ta ba shi, na ƙwaya awa 32. Bayanan awannin tuƙi wata 6 kawai aka tilasta wa kamfani ya ajiye. Na'urar injin, wadda kan riƙe gudun mota da taka birki a daƙiƙun ƙarshe, tana iya rubuta sabon bayani a kan tsoho idan motar ta koma hanya. Sawun taya a kwalta ruwan sama ɗaya ya ishe shi.

Don haka aikin farko shi ne wasiƙar gargaɗi zuwa ga kamfani cewa ya tsare motar, na'urorinta, bidiyon kyamarar gaba, saƙonnin da aka yi tsakanin direba da mai tura shi aiki, fayil ɗin ɗaukarsa da takardun gyara. Idan aka lalata bayanan kwamfuta da gangan bayan haka, ƙa'ida ta 37 ta kotunan tarayya, yadda aka gyara ta a 2015, ta ba alƙali ikon cewa a ɗauka abin da aka ɓatar ba ya goyon bayan wanda ya ɓatar da shi. Rasit ɗin mai, kuɗin ƙofar hanya da bayanan wayar salula su ne ke tona asirin awannin da aka ɓoye, domin kowannensu yana ɗauke da lokaci da wuri.

Direba ko kamfani?

Babbar tambayar dabara ita ce wa za a sa a gaba. Mutanen gari da ake zaɓa su taya alƙali yanke hukunci sukan tausaya wa direba, don ma'aikaci ne irinsu mai neman abinci. Kamfanin da ya ɗauki mai tarihin ganganci, ko ya ba shi lokacin isar da kaya da ba zai yiwu ba sai da gudu, shi ne ba sa yi wa uzuri. Ƙa'idar kotu ta ba lauya damar tilasta wa kamfani ya naɗa wakilin da zai amsa tambayoyi bisa rantsuwa da sunansa, kuma ana ɗaukar bidiyon zaman. Daƙiƙa talatin na manajan tsaro yana amsa cewa bai taɓa buɗe fayil ɗin direban ba sun fi jawabin awa guda tasiri.

Lauyoyin kamfanoni ma ba barci suke ba. A jihohin da ke bin hukuncin McHaffie na Missouri na 1995, da zarar kamfani ya amsa cewa direban a bakin aikinsa yake, to an rufe ƙofar kawo hujjar sakaci wajen ɗaukarsa aiki, sai a wasu keɓaɓɓun halaye. Jihar Texas kuma ta yi doka a 2021 da ke raba shari'ar gida biyu idan kamfani ya nema: a fara da laifin direba da diyya, a bar maganar horon kamfani zuwa zama na biyu. Lauyan da bai san dokar jihar da yake ciki ba zai shirya shari'ar da ba za a bar shi ya gabatar ba.

A zauren kotu

Binciken Nancy Pennington da Reid Hastie tun shekarun 1980 ya nuna cewa masu taya alƙali hukunci ba sa tara hujjoji ɗaya bayan ɗaya su auna. Labari suke haɗawa a ransu, sannan su zaɓi hukuncin da ya dace da shi, kuma hujjar da aka jero bisa tsarin faruwar abu ta fi gamsar da su. Wannan ya sa ƙwararru suke fara jawabin buɗewa daga shawarar da aka yanke a ofis ko a kujerar direba, a bi ta daki-daki har zuwa karon, a ajiye raunukan mai ƙara zuwa ƙarshe. Idan aka fara da kuka, masu sauraro sukan ja baya, su ɗauka aljihun wani ake hari.

Lissafi kuma sai an mayar da shi abin da jiki zai ji. Tirelar da ke gudun mil 65 a awa tana cin mita 29 a kowace daƙiƙa. Direban da ya duba waya na daƙiƙa 4 ya shafe mita 116 ido a rufe. Lauyan da ya faɗi haka, sannan ya yi shiru na daƙiƙa huɗu cur, ya koyar fiye da allon da aka cika da lambobi. Haka taswirar lokaci guda ɗaya da za ta tsaya a gaban kotu tun farko har ƙarshe ta fi hotuna ɗari masu wucewa.

Masana su ne ginshiƙi, kuma su ne aka fi kai wa hari. Hukuncin Daubert na 1993 ya ɗora wa alƙali tantance ingancin hanyar da masani ya bi, hukuncin Kumho na 1999 ya faɗaɗa hakan zuwa injiniyoyi, gyaran ƙa'ida ta 702 ta dokokin shaida na tarayya a Disambar 2023 kuma ya ƙara jaddada cewa nauyin tabbatarwa yana kan wanda ya kawo masanin. Bidiyon kwaikwayon haɗari da aka zana a kwamfuta, idan bai yi daidai da awon da aka ɗauka a wurin ba, ko dai a hana nuna shi ko ya zama makamin abokin hamayya. Wajen titsiye shaidan ɗaya ɓangaren kuwa, tambaya gajera mai ɗauke da batu ɗaya, wadda amsarta ke cikin takarda a hannun lauya, ita ce ba ta cin amanarsa.

Darasin shari'ar Werner

Tun fitowar littafin David Ball da Don Keenan a 2009, wata dabara ta yi tashe: a sa masu yanke hukunci su ji cewa sakacin kamfani barazana ne gare su da 'ya'yansu. Diyya ta yi ta hauhawa. Cibiyar ATRI ta masana'antar sufuri ta ruwaito cewa matsakaicin manyan hukunce-hukuncen da ta bincika ya tashi daga dala miliyan 2.3 a 2010 zuwa miliyan 22.3 a 2018.

Shari'ar kamfanin sufuri na Werner ta nuna iyakar wannan hanya. A Disambar 2014, kusa da garin Odessa na Texas, wata a-kori-kura ta zame a kan ƙanƙara, ta tsallake tsakiyar hanya, ta faɗa gaban tirelar kamfanin. Yaro ɗan shekara 7 da ke cikin a-kori-kurar ya rasu, 'yar'uwarsa ta samu naƙasa ta har abada. Tirelar tana kan hannunta, ba ta kuma wuce iyakar gudu ba. Lauyoyin iyalan suka nuna cewa direban sabon shiga ne, kuma littafin koyar da tuƙin manyan motoci ya ce a rage gudu matuƙa a kan ƙanƙara. A 2018 aka yanke diyyar kusan dala miliyan 90, aka ɗora wa ma'aikatan kamfanin kashi 70 na laifi, direban tirelar 14, mai a-kori-kurar 16. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2023. Amma a Yunin 2025 Kotun Ƙolin Texas ta rushe hukuncin, ta ce gudun tirelar ya sa ta kasance a wurin ne kawai a wannan lokaci, ainihin sanadin shi ne ƙwacewar ƙaramar motar.

Alƙalan kansu sun saɓa a kan hukuncin, masana ma haka. Duk da haka darasin bai ɓuya ba: tabbatar da cewa kamfani yana da sakaci daban, tabbatar da cewa sakacin ne ya jawo wannan ɓarna daban. Iyalan sun jira fiye da shekara goma, suka tashi hannu rabbana.

Abin da ya shafi lauyan Nijeriya

A Nijeriya alƙali ne kaɗai yake yanke hukuncin ƙarar diyya, shaidu kuma a rubuce ake shigar da bayanansu tun farko. Dabarar motsa zukata ba ta da kasuwa sosai. Abin da ya rage shi ne hujja: rahoton 'yan sanda da na hukumar kiyaye haɗurra, binciken jami'in duba motoci, takardar lodin kaya, da tabbatar da cewa direban yaron mai motar ne kuma a bakin aiki yake. Bidiyon waya ko bayanan na'urar bin sawun mota sai sun cika sharuɗɗan sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 kafin kotu ta karɓe su.

Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa ƙwarewa a wannan fanni matakai ne masu bin juna: sanin ƙa'idar sufuri, tsare hujja da wuri, zaɓen wanda za a kai ƙara bisa dokar jiha, jera labari yadda ya faru, da ɗaure kowane sakaci da sanadin haɗarin. Fasahar baki tana zuwa ne a ƙarshe, kuma hidima take yi wa sauran. Lauyan da ya karɓi shari'ar marayu ko ta wanda ya rasa ƙafafunsa ya ɗauki amana, don haka wajibi ne ya shirya ta yadda za ta tsaya a kotun farko, ta kuma tsaya a kotun ƙoli.