Duwatsun Hanyar Jirgin Funtuwa

A shekarar 1929 aka kammala hanyar jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, ta Funtuwa da Gusau. Turawa sun shimfiɗa ta ne domin kwasar auduga da gyaɗa, amma duwatsun da ke gefenta sun girmi wannan tarihi nesa ba kusa ba.

Duwatsun nan masu sulɓi, tun daga Kufena har Kwatarkwashi, narkakken dutse ne da ya daskare a ƙarƙashin ƙasa wajen shekara miliyan 600 da suka wuce, sa'ad da sassan doron duniya suka yi karo, tsaunuka suka taso. Ruwa da rana suka yi ta cin tsaunukan har suka baje, saiwarsu kaɗai ta rage tsaye. Daga baya iska ta kwaso lallausar ƙura daga arewa, ta zuba a filayen Funtuwa da Malumfashi. Wannan ƙasa ita ta karɓi auduga, audugar kuwa ta jawo jirgi.

Abin lura shi ne, ƙasar ta ɗauki dubban shekaru tana taruwa, amma zaizaya tana iya kwashe ta cikin 'yan damuna kaɗan. In ta tafi, tsandauri ne zai saura wa manomi.